Da Ni Ce

Da asuba na same ta tana karanta wa kujeru takarda. Ni ce mai sharar hawa na biyu a ginin da ke bayan laburaren jami'a, kuma shekara goma sha tara ni nake fara buɗe ƙofar nan. Ran nan sai na tarar da ita a buɗe, fitila ɗaya a kunne, murya tana tashi daga ciki. Na ɗauka wani ɗalibi ne ya yi mata sammako. Na leƙa, babu kowa sai ita a tsaye, takarda a hannun dama, takarda a hannun hagu. Ta karanta ta dama a bayyane, ta juya ta karanta ta hagu. Ban yi zurfi a karatu ba, amma kunnena lafiyarsa lau. Abu ɗaya take maimaitawa.

Na ce, "Malama, lafiya? Ko gida ne ya kore ki?"

Ta ce, "Yaya, ajiye bokitin nan ki saurara. Ki gaya mini muryar wa ce wannan."

Ta sake karantawa a hankali: "Wannan bincike bai zo don ya rufe magana ba. Abin da ya gani kaɗan ne, a wuri ɗaya, cikin ɗan lokaci. Inda ya yi shiru, ba don babu abin faɗa ba ne, sai don bai kai can ba. Wanda zai zo daga baya kada ya ɗauke shi alƙali. Ya ɗauke shi tsani, ya taka ya wuce."

Na ce, "Taki ce mana. Na sha jin ta ina goge taga."

Ta zauna a kujerar ɗalibai, ta kife takardun a cinya. Ta ce, "Abin da nake gudu ke nan."

Ita ce shugabar ɗakin taimakon karatu. Kalmar shugaba ma ta yi wa wurin yawa. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebura takwas, allo, kabad, da injin ruwan sha wanda ƙararsa ta fi sanyinsa. Ɗalibin da rubutu ya kayar ko lissafi ya shaƙe shi, nan yake zuwa, a haɗa shi da mai koyarwa na minti arba'in. Masu koyarwar goma sha biyu ne, yawancinsu masu karatun digiri na biyu. Ita ta kafa wurin, lokacin da yake ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ni da ita muka fitar da kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba na buƙatar kowa ya ba ni labarin halinta.

'Yar tela ce. Mijinta ya rasu tun yaranta biyu suna ƙanana, kuma mahaifiyarta tana hannunta, tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda ke buga mata waya sau uku kafin azahar don ta tambayi inda aka ajiye almakashi. Ta taɓa gaya mini cewa a shekararta ta farko a jami'a kwas uku ta faɗi. Ba rashin sani ba ne, babu dai wanda ya taɓa nuna mata yadda ake jera tunani a takarda. Yayanta ya ji tausayinta, ya riƙa rubuta mata aikin gida. Ta ci aikin gida, ta shiga ɗakin jarrabawa ta zauna tana kallon farar takarda har aka ce a ajiye biro.

Daga nan dokarta ta samo asali. A bakin ƙofa akwai gwangwanin madara. Duk mai koyarwa, kafin ya zauna da ɗalibi, sai ya jefa bironsa a ciki. Ba a rubuta wa ɗalibi ko harafi ɗaya. Ita kuwa ko da babu biron, sai ta kai hannuwanta bayan kujera ta harɗe su, kamar wadda aka kama. Shi ya sa yara suke ce mata Malama Hannu-Baya. Na ga ta sallami mai koyarwa saboda ya gyara wa wata yarinya layi uku da fensir. Ya yi ta rantsuwa, ta ce ta yarda da niyyarsa, amma ya ɗauki jakarsa.

Hannu ta ɗaure, bakin ne ta manta da shi.

A aikin kammala karatu akwai wani sakin layi kusa da ƙarshe, inda ɗalibi zai faɗi abin da bincikensa bai iya kaiwa gare shi ba. Yara sun tsani wurin nan. Gani suke kamar an ce su tona wa kansu asiri a gaban mai ba da maki. Za ta yi ta tambaya: me ka gani, me ba ka gani ba, don me? Ɗalibi ya yi tsuru. Agogo na tafiya, wasu na jira a baranda. Sai ta jingina, ta rufe ido, ta ɗaga kai sama, ta ce, "To, da ni ce, da sai in ce..." Maganar ta fito mata a jere, sumul. A nufinta misali take bayarwa. Amma idonta a rufe yake. Ni da nake tsaye da tsumma, ni nake ganin kan ɗalibi ya sunkuya, biro yana gudu.

Ban taɓa gaya mata ba. Ba aikina ba ne, kuma ban san laifi ba ne.

A shekarar nan jami'a ta kawo na'urar da ke gwada aikin ɗalibi da na ɗan'uwansa. Ta kama biyu a sashe ɗaya, jimla biyar iri ɗaya, ko waƙafi bai bambanta ba. Ɗaya yarinya ce mai ƙoƙari da ake ce wa Mai Gilashi, ta miƙa nata tun da wuri. Ɗayan kuma Direba, ya miƙa nasa bayan mako uku. Wanda ya zo daga baya shi ne ɓarawo, haka kowa ya yanke. Har wani ya ce ya taɓa ganin yarinyar a motarsa, kamar ba rabin jami'ar suka taɓa shiga motar nan ba. Hukuncin satar rubutu a aikin ƙarshe kora ce. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama.

Direba ya haura arba'in. Tasi yake ja da safe, ya shiga aji da yamma, shekara bakwai a haka. 'Ya'yansa huɗu, babbar tana gab da gama sakandare, tana tsokanarsa wai zai jira ta su karɓi takarda tare. Mama yake ce mini, ni kuwa in ce, "Mama wa? Da furfurarka?"

A safiyar nan ya shigo bai tsokane ni ba. Ya tsaya gaban Malama, hularsa a hannu.

"Malama, wai sun ce na saci rubutun yarinya. Wallahi ko sunanta ban sani ba."

Ta ce, "Na sani. Zauna. A ina ka samo sakin layin nan?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunan babansa. "A wajenki mana. A teburin can na kusa da taga."

"Na ce maka ka rubuta?"

"Kin faɗa, na rubuta."

"Cewa na yi da ni ce. Da ni ce! Kai ni ce?"

"To Malama, ya zan yi? Tun ina aji ɗaya haka na san karatu. Malami ya faɗa, ɗalibi ya rubuta. In na canza miki magana ai na raina ki. Ni wa, in gyara maganarki?"

Tun da nake da ita ban taɓa ganin ɗalibi ya ƙure ta ba sai ran nan.

Tana da mataimaki, yara suna ce masa Lasifika. A taro zai yi rabin awa yana bayanin yadda za a ceto ɗalibi, ɗalibin yana baranda yana jiransa. Da Direba ya fita, sai ya ja kujera kusa da ita, ya rage murya, wato ya dawo da ita daidai da ta sauran mutane. Ina share ƙarƙashin kabad, ban kuma yi kamar ba na ji ba.

"Ranki ya daɗe, ki yi tunani. Babu inda aka rubuta sunanki. Kin ɗauki biro? Ba ki ɗauka ba. In kika buɗe baki, ba ke kaɗai za a taɓa ba, wurin nan ne gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka daɗe suna cewa mu nan rubuta wa yara muke yi. Mutum ɗaya ne fa, ga ɗaruruwa a baya."

Ta ce, "Shekararsa bakwai."

"Allah ya ba shi haƙuri. Yana da sana'a ai."

Gaskiya ban ga laifin lissafinsa duka ba, na dai ga bai taɓa zama da Direba ko sau ɗaya ba.

Da rana ta hau wajen Farfesa, shugaban kwamitin. Ba ta daɗe ba ta dawo. Na tambaye ta da ido. Ta ce, "Dariya ya yi, Yaya. Wai kowace shekara sai an sami mai tausayi da zai ce shi ne. Ya ce magana ba hujja ba ce, in koma bakin aikina, shi bai ji komai ba."

Na ce, "To ai kin fita. Kin faɗa, an ƙi ji."

Ta ce, "Haka ne."

A nan ne yawancin mutanen da na sani suke tsayawa. Sun faɗi gaskiya sau ɗaya a ofis, ba a karɓa ba, sun wanke hannu, su yi barcinsu. Na share ofisoshinsu, na sani.

Washegari ta ce in ara mata tsanin da nake goge fanka da shi. A ƙasan laburare akwai ɗakin da ake jibge ayyukan ɗaliban da suka gama, masu baƙin bango, tun daga ƙasa har rufi. Na'urar ba ta san da su ba, don a takarda kawai suke. Ta shiga da littafin rajistar ɗakinmu na shekarun baya, tana duba sunan duk wanda ya taɓa zama da ita, tana neman aikinsa. Ni na riƙe tsani, ita ta hau. Sai ta buɗe kusa da ƙarshe, ta duba, ta mayar ko ta miƙo mini.

Na farko da ta samu, sai da ta ce alhamdu lillahi. Na uku, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Da muka kai na tara ta sauko ta zauna a ƙasa, ƙura har a girarta. Ɗaya a kan rijiyoyi, ɗaya a kan ciwon ido, ɗaya a kan kasuwar ƙarfe, duk sun ce a ɗauke su tsani a taka a wuce.

Ta ce, "Na kori yaro saboda layi uku da fensir."

Na ce, "Tashi, ƙasan nan da sanyi."

"Shekara nawa kina jin ina yi?"

"Tun ranar da aka sa wa ɗakinmu labule."

"Ba ki ce komai ba."

"Ba ki tambaye ni ba. Kuma ni na ɗauka karatun ke nan."

Kwana huɗu muka yi. Goma sha huɗu ta samu. Ta ɗauki hoton shafin kawai, da hatimin laburare mai nuna shekara, ta rufe sunayen masu aikin da farar takarda, don kada a bi waɗanda suka riga suka tafi. Ta san abin da ta haɗa. Hujjar da za ta wanke Direba ita ce hujjar cewa ita ta daɗe tana karya dokar da ta kafa.

Ana gobe kwamiti, Mai Gilashi ta zo. Wani ya kai mata labari. Yarinya ce ƙarama, mai tsabta, irin wadda ke goge kujera kafin ta zauna. Ba ta zauna ba.

"Malama, an ce za ki ce maganarki ce."

"Tawa ce, 'yata."

"Ba taki ba ce! Ni na rubuta a ɗakina, da hannuna. Na tuna ranar."

"Kin zo nan a watan da ya wuce wancan. Kin rubuta a bayan littafinki. Ki duba."

"Ko na duba, ni dai a kaina na ji ta. An riga an ce ba ni da laifi. Yanzu in kika yi magana, ni ma na zama mai kwafa. Me na yi miki?"

"Babu abin da kika yi mini. Ni na yi miki."

"To ki ƙyale ni mana!"

"In na ƙyale ki, shi za a kora."

"Ni na san shi? Ubana ne?"

Ta cire gilashin tana share ido da bayan hannu, ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ba ƙarya take yi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Maganar ta shige ta har ta zama tata. Wayar Malama ta yi ƙara, tsohuwa ce, ta ɗauka ta ce, "Inna, yana cikin aljihun keken ɗinki," ta ajiye.

Ranar Alhamis na sami dalilin goge barandar hawa na uku, wadda ba tawa ba ce. Direba yana zaune a benci cikin rigar da ban taɓa gani ba, mai karin guga. Mai Gilashi tana can ɗaya ƙarshen, ta juya masa baya. Malama ta zo da ambulan ɗaya, ta gaishe su, yarinyar ba ta amsa ba. Aka kira ta ciki. Ban ji abin da aka faɗa ba, ƙofar mai kauri ce. Sau ɗaya dai muryar Farfesa ta fito: "Goma sha huɗu?" Na goge tayil ɗaya har ya fara ƙyalli.

Ba a kori Direba ba. An ce shi da yarinyar kowa ya sake rubuta babin ƙarshe cikin mako uku, da kansa, kuma an rage musu maki. Yarinyar da take hangen sakamako mafi girma a ajinsu ta rasa shi. Ba ta ƙara taka hawa na biyu ba, kuma in ta hango ni sai ta canza hanya, kamar ni ce na yi.

Malama kuwa an sauke ta. Takardar ta ce an mayar da ita ɗayan reshen jami'ar, can bayan gari, ofishin da ake ajiye tsofaffin takardun jarrabawa, inda babu ɗalibi ko ɗaya. Mota biyu za ta riƙa shiga kafin ta kai. Ɗakin bai rufe ba, amma an rage masu koyarwa zuwa shida, aka ba Lasifika riƙo. A taronsa na farko ya yi awa guda yana magana a kan gaskiya da riƙon amana. Na share bayansu.

Mutane sun yi ta zuwa suna ce mata ta yi jarumta. Ta ce musu babu jarumta a mutum ya kwashe abin da ya zubar. Ni dai na wanke mata kofinta na sa a kwali.

Direba ya gama daga baya, da ƙaramin sakamako. Amma a makon farko na ukun nan ban yi zaton zai gama ba. Kullum sai ya zo ya faka motarsa a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban gininmu, ya ɗora takarda a kan sitiyari, ya zauna. Minti goma, sai wani ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Direba, bakin kasuwa?" Sai ya ninke takardar da sauri, kamar an cece shi, ya tayar da mota.

Ranar da ta zo kwashe kayanta, na rako ta ƙasa, ni da kwali ita da jaka. An hana ta zama da kowane ɗalibi. Muka same shi a wurin, takardar fara fat. Ya fito da sauri zai karɓi kwalin.

"Malama, kawo in kai ki."

"A'a. Nawa ka rubuta?"

Ya sosa ƙeya. "Ina ta tunani dai. Duk abin da na fara, sai in ji naki ya fi daɗi."

"Ba daɗi aka tambaye ka ba. Gareji nawa ka je a binciken nan?"

"Shida."

"Nawa ne a garin?"

"Kai, sun fi hamsin."

"Me ya hana ka zuwa sauran?"

"Malama, wa zai ja mini motar?"

Ta dube shi kawai. Ya tsaya, ya dubi takardar, ya sake dubanta.

"Wannan ma ana rubutawa?"

"Ban ce komai ba. An hana ni." Ta miƙa hannu. "Ba ni makullin."

"Na mota?"

"Na gidanku."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ba dariya take ba, ya ciro makullin motar ya ba ta. Ya ce, "Malama, yanzu fa ne lokacin fasinja."

"Na sani."

Ta juyo wajena. "Yaya, kada ki ba shi sai ya nuna miki shafi ɗaya cike. Gobe ma haka, har ya gama."

Na ce, "Ni zan san ko daidai ne?"

"Ba sai kin karanta ba. Ki dai tabbata hannunsa ne."

Direba ya ce, "Mama, ke ma da ke za a haɗa baki?"

Na ce, "Ka ƙara ce mini Mama, shafi biyu ne."

Bas ta tsaya a bakin titi. Ta zura makullin a aljihun rigar aikina, ta danna shi ciki da yatsa, ta karɓi kwalinta daga hannuna, ta tsallaka.